Yadda Ake Gyara Dokokin Iskar Gas Idan Ƙasa Ta Fice Daga Ƙungiyar Ciniki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu, musamman ɗaliban shari'a da masu aiki a fannin makamashi: idan ƙasa ta raba gari da ƙungiyar cinikin da ta daɗe a cikinta, yaya ake yi da dokokin iskar gas, kuma daga ina ake kama aikin? Zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, da misalin Birtaniya lokacin da ta fice daga Tarayyar Turai, domin ita ce ta yi wannan aiki a idon duniya. Maganar ko ficewar ta dace ko ba ta dace ba, wannan na 'yan siyasa ne.

Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, bututu bai san an kaɗa ƙuri'a ba. Ranar fita gas zai ci gaba da gudu a ƙarƙashin teku kamar yadda ya yi jiya. Abin da ke tsinkewa shi ne amsar tambayoyi irin su: wa ke ba da izini, wa ake kai wa ƙara, wa zai kawo ɗauki in wuta ta mutu a murhun jama'a tsakiyar hunturu. Wasu daga cikin amsoshin kai kaɗai za ka iya gyara su da alƙalaminka. Wasu kuwa ko ka kwana kana rubutu ba za su gyaru ba sai maƙwabcinka ya sa hannu. Rarrabe waɗannan biyun shi ne rabin aikin.

Kayan aikin da za ka tanada ba su da yawa, amma babu wanda za a iya tsallakewa: cikakken kwafin dokokin ƙungiyar kamar yadda suke a yau, da duk kwaskwarimar da aka yi musu, taswirar bututun ƙasar mai nuna inda gas ke shigowa da inda yake fita, lauyoyi masu tsara doka, injiniyoyin kamfanin da ke tafiyar da manyan bututu, da babban jadawali ɗaya a kwamfuta wanda kowa zai riƙa cikawa.

1. Tsayar da rana, har da sa'a

Kafin ka taɓa sashe ko ɗaya, ka san lokacin da tsohuwar doka za ta daina aiki. Birtaniya ta fice a ranar 31 ga Janairu 2020, amma dokokin Turai sun ci gaba da aiki a kanta har ƙarfe 11 na daren 31 ga Disamba 2020, ƙarshen wa'adin riƙon ƙwarya. Wannan rana ta biyu ce ta shafi mai gas.

Sai ka kwatanta ta da kalandar masu gas, domin nasu lissafin daban ne. A Birtaniya ranar gas tana farawa ƙarfe 5 na asuba, ta ƙare ƙarfe 5 na asubar washegari. Shekarar gas kuwa tana kamawa ne ranar 1 ga Oktoba. Ma'ana, sauyin dokar ya faɗo a tsakiyar ranar gas, a tsakiyar shekarar gas, kuma a tsakiyar sanyi. Ɗan kasuwan da ya sanar da adadin da zai tura da safe a ƙarƙashin wata doka, ya kammala turawa da asuba a ƙarƙashin wata. Dole a rubuta sashen da ya ce duk abin da aka fara kafin sa'ar yana nan daram bayanta.

Hattara: kada ka rubuta kwanan wata a cikin kowace ƙaramar doka. Ka rubuta "ranar fita", ka fassara ta a wuri guda. Ranar ficewar Birtaniya ta tashi daga 29 ga Maris 2019 zuwa 12 ga Afrilu, ta koma 31 ga Oktoba, sannan 31 ga Janairu 2020. Da an warwatsa kwanan watan a cikin takardu, da kowace ɗagawa ta zama sabon aiki.

2. Kwafe komai tukuna

A nan ne masu zumuɗi ke yin kuskure. Suna ganin dama ta samu ta rubuta sabuwar dokar gas daga tushe. A'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ake yi shi ne babbar doka ɗaya wadda za ta ce: duk dokar ƙungiya da ke aiki a kanmu daƙiƙa ɗaya kafin fita, ta zama tamu daƙiƙa ɗaya bayan fita. Haka dokar ficewa ta Birtaniya ta 2018 ta yi. Sashe na 8 na dokar kuma ya ba ministoci ikon gyara wuraren da kwafin ya gurgunce ta hanyar ƙananan dokoki.

Hattara: a ɗaure wannan iko da igiya. A Birtaniya an hana amfani da shi wajen ɗora haraji, ko kafa sabuwar hukuma, ko yin dokar da za ta koma baya ta hukunta abin da ya wuce, an kuma sa masa wa'adin shekara biyu. In ba a yi haka ba, sai gyaran rubutu ya zama ƙofar sauya manufa ba tare da majalisa ta sani ba.

3. Zaƙulo duk inda dokar gas take

Dokar gas hawa-hawa ce. Akwai dokokin ƙungiya masu aiki kai tsaye, irin ƙa'ida mai lamba 715 ta 2009 kan shiga manyan bututu, da mai lamba 1938 ta 2017 kan tabbatar da wadatar gas. Akwai kundayen fasaha guda huɗu da suka biyo baya: na raba gurbi a bututu, na daidaita abin da ya shiga da abin da ya fita, na kuɗin wucewa, da na yadda bututun ƙasashe za su yi aiki tare. Akwai dokar gida, wato Dokar Gas ta 1986, wadda aka yi ta cusa wa umarnin Turai tsawon shekaru. A ƙarƙashinta akwai lasisin kowane kamfani, sannan kundin da kamfanonin ke ciniki da shi a tsakaninsu, sannan kwangiloli.

Hawa uku na ƙasa su ake mantawa. Gwamnati ta gyara nata, ta yi hamdala, alhali lasisin kamfani yana nan yana cewa a aika rahoto zuwa hukumar da ba ta ƙara sauraronsa. A raba aikin tun farko: ma'aikata ta ɗauki dokoki, hukumar sa ido ta ɗauki lasisi, kamfanoni su ɗauki kundinsu da kwangilolinsu, kowa ya cika jadawali ɗaya.

Hattara: idan wani yanki na ƙasar yana da ikon kansa a kan makamashi, to jerinsa daban ne. Ayilan ta Arewa tana da dokar gas tata ta 1996 da hukumar sa idonta, ba Ofgem ba, wato hukumar da ke sa ido kan gas da lantarki a sauran Birtaniya. Ga shi kuma majalisarta ba ta zauna ba daga Janairun 2017 zuwa Janairun 2020, daidai lokacin da ake wannan aiki, sai Landan ce ta yi mata gyaran.

4. Bin layi-layi, a kasa kashi uku

Wannan ne aikin da ke cin ido da lokaci, kuma ba shi da gajeriyar hanya. A ɗauki kowane sashe a tambaye shi: washegarin fita, kana da ma'ana? Amsar za ta jefa shi cikin ɗaya daga kashi uku.

Kashi na farko, masu buƙatar sauyin suna kawai. Inda aka rubuta "ƙasa mamba" a sa sunan ƙasar. Inda aka ce "kasuwar cikin Tarayya" a mai da ita kasuwar gida.

Kashi na biyu, masu ba wata hukumar ƙungiya aiki. Waɗannan sai an nemo musu sabon mai riƙo a gida, kuma su ne mataki na biyar.

Kashi na uku, masu dogaro da "ka yi mini, in yi maka". Misali, sashen da ya wajabta maka tuntuɓar maƙwabta kafin ka fitar da shirin gaggawa, ko aika musu bayanai, ko kai musu ɗauki. Idan ka bar irin wannan a dokarka, ka ɗaure kanka da wajibin da ɗaya ɓangaren ya riga ya sauke. Yawanci gogewa ake yi, a ajiye batun sai teburin sulhu.

Bari mu duba jimla ɗaya kusa da kusa. A ce sashe yana cewa: hukumar ƙasa za ta shirya nazarin haɗari, ta tuntuɓi ƙasashen da ke rukuninta, ta miƙa wa Hukumar Tarayyar Turai. Jimla ɗaya ce, amma aiki uku ne. Shirya nazarin yana nan, domin haɗari bai fice tare da kai ba. Tuntuɓar rukunin ta faɗi, domin ba ka cikinsa. Miƙawa kuwa sai ka yanke shawara: a wallafa wa jama'a, ko a kai wa minista, ko a share. Wanda ya yi amfani da "nemo ka musanya" na kwamfuta a kan irin wannan jimla zai haifar da dokar da ke umartar minista ya miƙa wa kansa rahoto, ya kuma jira ra'ayin kansa.

Hattara da kalmar "ƙasar waje". A dokar Turai tana nufin duk wadda ba mamba ba, kuma akwai ƙarin bincike idan mutumin irin wannan ƙasa zai mallaki manyan bututu. Bayan fita, kai ka zama ƙasar waje a wurinsu, su ma sun zama haka a wurinka. To ga shi kamfanin Fluxys na Beljiyam ne ke da kaso mafi tsoka a bututun da ya tashi daga Bacton ta Ingila zuwa Zeebrugge ta Beljiyam, Gasunie na Holan kuma a bututun BBL da ya haɗa Bacton da Holan. In ka sauya ma'anar kalmar ba tare da ka rubuta cewa takardun shaidar da aka riga aka bayar suna nan ba, ka jefa hanyoyin gas ɗinka cikin ruɗani da hannunka.

A Birtaniya an tattara gyare-gyaren a ƙananan dokoki na 2019: mai lamba 530 ta taɓa manyan dokokin lantarki da gas, mai lamba 531 ta ɗauki wadatar gas da kundayen fasaha, mai lamba 534 kuma ta ɗauki tsaftar kasuwa.

5. Miƙa iko ga na gida

Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ya shafi manufa da tsaron ƙasa a ba minista, abin da ya shafi fasaha da farashi a ba hukumar sa ido. Ayyukan Hukumar Tarayyar Turai da na ACER, hukumar da ke haɗa kan masu sa ido daga birnin Ljubljana, haka aka raba su tsakanin sakataren gwamnati mai kula da makamashi da Ofgem.

Amma akwai aikin da ba ya miƙuwa. ACER ce ke raba gardama idan hukumomin ƙasashe biyu suka kasa daidaitawa kan bututun da ya haɗa su. Ba za ka iya ba hukumarka wannan aiki ba, don ba a zama alƙali a shari'ar da ake ciki. Ka rubuta shi cikin jerin abubuwan da za a kai teburi.

Hattara: iko ba tare da ma'aikata ba, takarda ce kawai. Kafin a ɗora wa hukuma sabon aiki, a tambaye ta mutum nawa za ta ɗauka, da wane kuɗi.

6. Wadatar gas ranar da abu ya ɓaci

In lokacinka kaɗan ne, nan za ka kashe shi. Ƙa'idar 2017 tana da ginshiƙai da ya kamata a riƙe ko an fice. Na ɗaya, ma'aunin da ake kira N-1: idan babbar hanyar gas ɗinka guda ɗaya ta tsaya a ranar tsananin buƙatar da ake gani sau ɗaya cikin shekara ashirin, sauran hanyoyin za su wadatar? Na biyu, kariya ga gidajen jama'a da muhimman wurare irin asibitoci: dole a iya ba su gas na kwana bakwai na matsanancin sanyi, da kwana talatin na buƙata mai yawa, da kwana talatin idan babbar hanya ta lalace. Na uku, matakan faɗakarwa uku, daga gargaɗin farko zuwa shirin ko-ta-kwana zuwa dokar ta-ɓaci. Duk waɗannan na cikin gida ne, a bar su.

Wanda ke faɗuwa shi ne sashe na 13, na taimakon juna. A ƙarƙashinsa, idan wata ƙasa mamba ta kasa ba gidajen jama'arta gas, maƙwabciyar da bututu ya haɗa su za ta rage wa masana'antunta ta tura mata, a biya ta diyya. Birtaniya ta goge wannan daga kwafinta, kuma a ganina ba ta da zaɓi. Sai dai a faɗi gaskiya ga jama'a: daga ranar, abin da zai jawo gas zuwa gare ka a lokacin ƙunci shi ne farashi, ba wajibi ba.

Don haka a sake lissafin N-1 da lambobin ƙasar ita kaɗai. Birtaniya tana da hanyoyi da dama: rijiyoyinta na Tekun Arewa, bututun Norwe da ke sauka a Easington da St Fergus, tashoshi uku na gas ɗin da aka mai da ruwa, ɗaya a Isle of Grain biyu a Milford Haven, da bututu biyu zuwa nahiyar. Rauninta rumbun ajiya ne. An sanar da rufe babban rumbunta na Rough a 2017, kuma ranar 1 ga Maris 2018, cikin wani mugun sanyi, mai kula da bututun ƙasar ya fitar da gargaɗin ƙarancin gas. Sai a Oktoban 2022 aka sake buɗe wani ɓangare na rumbun.

Hattara: ka duba wanda ke bayanka a kan bututu. Mafi yawan gas ɗin Jamhuriyar Ayilan ta Moffat da ke Sikotilan yake bi. Can ma Ayilan ta Arewa da tsibirin Man ke samun nasu. A da, Ayilan tana cika ma'aunin N-1 ne ta hanyar haɗa lissafinta da na Birtaniya, da aka fice sai wannan dabara ta rushe. Ficewarka tana iya jefa maƙwabci cikin saɓa wa dokar da shi bai bari ba. Sai a Satumban 2023 ƙasashen biyu suka sa hannu kan takardar fahimtar juna game da wadatar gas.

7. Bututun da suka tsallaka iyaka

Gurbi a bututu gwanjonsa ake yi, na shekara a Litinin ta farkon Yuli, sannan na wata uku, na wata, na rana, har na cikin rana. Tsarin Turai ya haɗa gurbin fita daga wannan ƙasa da na shiga waccan a sayar da su dunƙule. Wannan wajibi ne tsakanin mambobi, amma a kan iyaka da ƙasar waje, hukumar sa idon ƙasar ce ke da zaɓi. Don haka riƙe kundin a naka ɓangaren bai isa ba. A rubuta wa hukumar kowace maƙwabciya da wuri, a samu amsa a rubuce cewa za ta ci gaba da aiki da shi. A kuma tabbatar kamfanoninka ba su rasa dandalin gwanjon ba. Na Birtaniya sun ci gaba da amfani da PRISMA, duk da sun rasa kujerarsu ta mamba a ENTSOG, ƙungiyar masu manyan bututun Turai.

Hattara: kada ka taɓa lokacin fara ranar gas ko ma'aunin ingancinsa a wannan zango. Birtaniya ta dawo da ranarta daga ƙarfe 6 zuwa ƙarfe 5 a Oktoban 2015 don ta yi daidai da nahiyar, kuma ba ta koma ba bayan ficewa.

8. Rajistar 'yan kasuwa da sa ido

Dokar Tarayyar Turai ta 2011 da ake kira REMIT ta haramta murɗa farashi da ciniki da bayanan sirri. Haramcin a kwafe shi yadda yake. Rajista ce matsalar. Kamfanin da ya yi rajista da Ofgem kaɗai, sai da ya sake yi da hukumar wata ƙasa mamba kafin ya ci gaba da ciniki a Turai. Ofgem kuwa ta sauƙaƙa, ta amince da rajistar da aka yi a can. Wannan dabara ce mai kyau ga ƙasar da ke buƙatar masu kawo mata kaya, ko da ɗaya ɓangaren bai rama ba.

Hattara: bayanan ciniki ACER ake aika wa, daga can hukumarka ke gani. Ranar fita wannan taga za ta rufe. A shirya hanyar karɓar bayanai daga kasuwanni da dillalai kafin ranar.

9. Kwastam

Gas kaya ne, ko da babu motar da za a tsayar a kan iyaka. Harajin shigo da shi sifili ne a ɓangarorin biyu, amma takardar bayyana kaya ta wajaba, kuma da mitar bututu ake cika ta. A fayyace wanda zai cika, da sau nawa, a kuma sanar da kamfanoni su nemi lambar kwastam da gyara lissafin harajin VAT.

10. Majalisa, da batun kuɗi

Dokokin gas ba su kaɗai ne a layi ba. Gwamnatin Birtaniya ta fara ƙiyasta ƙananan dokoki 800 zuwa 1,000 domin ficewar baki ɗaya, daga baya ta rage zuwa kusan 600. Waɗanda ba sa buƙatar ƙuri'a ma sai sun yi kwana goma na zaman majalisa a gaban kwamitocin tantancewa. A lissafa da baya daga ranar fita, a bar sarari na gyaran gyara, don za a samu kurakurai.

Kuɗin aikin ba a rubutun yake ba. Yana cikin ƙarin ma'aikatan hukuma, sauya manhajojin rahoto, rajista biyu da lauyoyi biyu ga kowane kamfani, da ajiya ko ƙarin hanyar da za ka gina a madadin taimakon da ka rasa. Mafi yawansa a takardar kuɗin gas ta magidanci yake ƙarewa.

11. Yarjejeniya, da bin sawun abin da ke sauyawa

Duk abin da ka tara a kashi na uku, yanzu ne lokacinsa. Amma ka rubuta dokokinka kamar ba za a daidaita ba. Yarjejeniyar ciniki tsakanin Birtaniya da Turai sai ranar 24 ga Disamba 2020 aka cimma ta, mako guda kafin wa'adi. Babin makamashinta ya tanadi haɗin kai kan wadata, da tsarin aiki tsakanin Ofgem da ACER, da tsakanin kamfanonin bututu da ENTSOG, ba tare da zama mamba ba, ya kuma kafa kwamiti na musamman kan makamashi.

Hattara: ka karanta wa'adin. Da farko an rubuta wa babin ranar ƙarewa, 30 ga Yuni 2026, sai daga baya ɓangarorin suka tsawaita. Mai sayen gurbin shekaru a bututu yana kallon irin wannan rana.

Daga nan sai ka naɗa wanda zai riƙa bin sabbin dokokin ƙungiyar, domin kwafinka ya daskare a daren fita, nasu kuwa yana tafiya. A 2022 Turai ta wajabta cika rumbunan gas kashi 80 cikin ɗari kafin 1 ga Nuwamba, kashi 90 a shekarun da suka biyo. A 2024 ta maye gurbin ƙa'idar 715 da sabuwa, ta kuma gyara REMIT yadda kamfanin ƙasar waje sai ya naɗa wakili a cikin Tarayyar. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shiga dokar Birtaniya, amma kowanne ya taɓa ɗan kasuwan da ke tura gas daga Bacton. A ƙara shafi a jadawalin nan na farko, duk sauyin da ya fito a rubuta a gabansa: za mu bi, ba za mu bi ba, ko sai mun yi magana da su.